Bargon ado na saƙa: ga amsar tambayoyin da kuke ta aiko min

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da hunturu ya fara kunno kai saƙonni suka yi min yawa a WhatsApp, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ne ake ta juyawa, wata ta yi da safe wata ta sake yi da daddare, shi ya sa na ce bari in zauna in tattara su waje ɗaya kowa ya karanta a nutse. Ni dai sana'ata kayan ɗaki ce a nan Kano, jeren amare da labule da zanen gado, amma wannan bargon shi na fi sa wa rai, don kakata ta wajen uwa kaɗi da saƙa ta yi har ta bar duniya, a gabanta na fara sanin mene ne zare. Na bar tambayoyin yadda aka rubuto min su.

Anti wai mene ne bambancinsa da bargon da muke saya a Kwari?

Bambanci babba. Bargon nan mai laushi da muka saba da shi, mai manyan furanni ko hoton damisa, wanda ake sawa a jakar leda mai zif, yawancinsa zaren roba ne, an gama yin bargon ne tukuna sannan aka buga masa hoton a kai kamar yadda ake buga atamfa. Shi kuwa wannan babu wani hoto da aka buga masa, zanen a cikin saƙar yake, zare mai launi ne ya hau wani ya sauka ƙarƙashin wani har siffar ta fito. Da za ki warware zaren to zanen ma ya tafi, don su biyun abu ɗaya ne.

Hanya mafi sauƙi ki juya bayansa. Za ki ga zanen nan dai yana nan a baya amma launukan sun juye, inda yake da haske a gaba ya yi duhu a baya. Sannan gefe-gefensa akwai geza, ita gezar ba ɗinka ta aka yi ba, ƙarshen zaren saƙar ne aka bari.

To ta yaya ake saƙa zane da zare haka?

Wannan tambayar ina jin daɗinta wallahi. Duk saƙar da ake yi a masaƙa zare biyu ne, na tsaye da na kwance. Masaƙinmu na gargajiya yana taka ƙafa, allira ta ɗaga rabin zaren tsaye, ya jefa ƙoshiya ta wuce, ya buga da masefi, ya sake takawa. Da yake zaren rukuni-rukuni yake tashi, abin da ya fi fitowa shi ne layi-layi, in ana son ado sai masaƙi ya bi da yatsa yana ƙirga zare yana cusa mai launi, aikin da ke cin kwanaki.

A 1804 wani Bafaranshe a garin Liyon, Joseph Marie Jacquard, ya fito da injin da ke iya ɗaga kowane silin zare shi kaɗai. Kati ne masu huda-huda aka jera aka ɗinke su kamar sarƙa, inda akwai huda zare ya tashi, inda babu ya zauna, kowane kati layi ɗaya na saƙa. Har hoton shi kansa mutumin aka saƙa da siliki a 1839, kati 24,000 aikin ya ci, mutane suna gani suna zaton zanen alƙalami ne. Wannan dabarar ta kati mai huda ita Charles Babbage na Ingila ya ɗauka a injin lissafinsa, wanda ake sawa cikin kakannin kwamfuta. Kinga kenan wayar da ke hannunki tana da dangi a masaƙa. Yanzu kwamfuta ce ta maye gurbin katin, amma har yau sunan mutumin ake kiran injin da shi, injin jakad.

Da hannu ake saƙa shi? A Kano ake yi?

A'a, kuma ba zan ɓoye muku ba. Inji ne ke saƙa shi kuma ba a nan ba. Irin wannan bargon an fi saninsa da masaƙun jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ana kuma yi a Turkiyya da Indiya da Sin. Namu zanen ne daga nan gida, 'ya'yanmu suke zanawa, mu tura a saƙo mana. Duk wanda ya ce miki wannan saƙar hannu ce ta Kano don ya ƙara miki kuɗi, bai gaya miki gaskiya ba.

Kuma wallahi abin yana ci min rai, duk lokacin da kaya suka iso na buɗe kwali sai na ji daɗi da ɓacin rai lokaci ɗaya. Garin nan fa garin tufafi ne. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 ake lissafa ta, har yau ana tsoma yadi a baba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ba da labarin tufafin da ake saƙawa a rina a nan, ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Turkuɗin Kura Buzaye ke naɗawa a tsakiyar sahara. Daga baya aka zo aka yi masaƙun zamani, ta Kaduna ta fara aiki a 1957, nan Kano ma unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun ga ma'aikatan masaƙa ba kaɗan ba. Rashin wuta da tsadar man inji da kayan waje masu araha da ake shigowa da su suka durƙusar da yawancinsu. Yau ga Kantin Kwari maƙil da yadi, mutane na zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, amma ki duba ki gani nawa ne a ciki aka saƙa a ƙasar nan. Addu'ata kullum Allah Ya nuna mana ranar da zan ɗauki zanen yaro daga Fagge in kai Sharaɗa a saƙa min, in dawo da shi a Adaidaita Sahu.

Me ya sa launin da na gani a waya bai zo daidai da wanda aka kawo min ba?

Wannan ƙorafin ya zo min ya fi sau nawa, kuma kuna da gaskiya ku tambaya. Ita waya haske take fitarwa, shi kuwa zare sai haske ya sauka a kansa. Na biyu kuma, yawancin masaƙun nan launin zarensu shida ne kacal: baƙi, fari, ja, ruwan ɗorawa, shuɗi da kore. Babu zare ruwan hoda, babu ruwan goro, babu ruwan ƙasa. In ana son ruwan hoda sai a jera ja da fari kusa da kusa, idonki ne zai haɗa su daga nesa. Ki matso da bargon kusa da fuskarki za ki ga ɗigo-ɗigo na launuka daban-daban, ki ja baya taku uku sai ki ga sun narke sun zama launi ɗaya.

Shi ya sa launinsa yake fitowa a kwantar, ba ya ƙyalli, ba ya ihu. Ni a wajena nan kyansa yake, don yana shiga da kowace irin kujera. Amma in ke mai son launi mai walƙiya ce irin na leshin biki, gara in gaya miki tun yanzu ba za ki same shi a nan ba. Kafin ki biya ki ce a ɗauko miki bidiyonsa a tsakar gida da rana, ba a ƙarƙashin farin ƙwan shago ba.

Su wa suke yin zanen, kuma ana biyansu?

Matasa ne masu zane, maza da mata, wasu sun yi karatun abin wasu baiwa ce kawai da naci, a waya ko kwamfuta suke aikinsu. Arewa ba baƙuwar wannan fanni ba ce, a Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958 da ta fitar da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, kuma har yanzu Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da zane da tsara yadi. Ladi Kwali maginiyar tukwane ga ta nan a bayan naira 20, kullum tana hannunmu.

Ana biyansu, eh. Muna yin yarjejeniya a rubuce kafin a saƙa ko ɗaya, mai zane yana da kasonsa a kowane bargon da ya fita, sunansa kuma yana jikin ɗan ƙyallen da ke gefe. Na dage a kan wannan ne saboda abin da na gani da idona. Wata yarinya da muke aiki da ita ta yi sati uku tana zana wata ƙofar gari da mata masu tallar fura a gindinta, ta sa a shafinta don mutane su gani, bayan 'yan watanni sai ga zanen nata a jikin filo ana sayarwa, an goge sunanta daga ƙasa. Ranar da ta zo min da hoton kuka take kamar an yi mata rasuwa, kuma ko sisi ba ta gani ba. Mutanenmu da yawa suna ɗauka duk abin da ke intanet na kowa ne. Ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare zane tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Ko ba doka ma, cin gumin wani haƙƙi ne, kuma mun san matsayin haƙƙi.

Don haka dan Allah masu turo min hoto daga Pinterest ko Instagram suna cewa Anti a yi min irin wannan sak, ku yi haƙuri ba na yi. In kin san mai zanen mu nemi izininsa mu biya shi. In ba ki sani ba, ki faɗi abin da ya burge ki a ciki a zana miki naki.

Wane irin zane kuke da shi?

Abin da muka tashi muka gani. Dagi shi ne kan gaba, kusan kowa na sonsa. Akwai wanda aka ɗauko daga aikin babbar riga, aska takwas da aska biyu, maza sun fi ɗaukar wannan don ɗakin baƙi. Akwai zanen bangon soro irin na cikin birni da zankwayensa, akwai badala da Dutsen Dala daga nesa da yamma, akwai na ramukan marina, da'ira-da'ira cikin shuɗi mai duhu da mai haske, wannan ni shi ne nawa, shi ke kan kujerata. Akwai kuma na hawan sallah, tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024 'yan uwanmu mazauna waje suke yawan tambayarsa.

Malama ya hukuncin mai hoton doki ko mutum?

Ni ba malama ba ce, mai sayar da kayan ɗaki ce, fatawa ta malamai ce. Abin da kowa ya ji a islamiyya shi ne hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da ta rataye labule mai hotuna Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa, sai ta yanka shi ta yi matasai. Daga nan malamai suka yi bayani a kan bambancin abin da aka rataye da abin da ake zama a kai ko ake takawa, kuma akwai saɓani a tsakaninsu. Ki tambayi malamin da kika amince da shi. Ta ɓangarenmu dai mafi yawan zanenmu babu mai rai a ciki, na hawan sallah ma akwai wanda laima da algaita da kayan doki kawai aka zana. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki ɗauki dagi, hankalinki kwance.

Za a iya saƙa min aya ko sunan Allah a jiki?

A'a, wannan kam ba ma yi ko nawa za a biya. Abu ne da ake zama a kai, yara su taka, a jefa a bahon wanki.

Zan iya sallah a kai?

In yana da tsarki babu abin da ya hana, auduga ce. Sai dai mai zane da yawa yana ɗauke hankali, kuma a kan tayil yana zamewa. Darduma ta fi.

Girmansa nawa? Zai rufe gado siks-bai-siks?

Girma biyu aka fi yi. Ƙaramin inci 50 ne da 60, wato kamar santimita 127 da 152, tsawonsa yadi ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Babban inci 60 da 80, kamar santimita 152 da 203, yadi biyu da 'yan kai.

Gado siks-bai-siks ƙafa shida ne kowane gefe, kusan santimita 183, kinga ko babban ba zai rufe shi duka ba, kuma dama ba don haka aka yi shi ba. Ki shimfiɗa zanen gadonki kamar kullum sai ki ɗauko babban ki gicciya shi a wajen ƙafa, tsawon nan na 203 zai ɗan zubo ta gefe biyu, ɗakin ya fito. Ƙaramin na kujera ne, a yafa a bayan tiri-sita ko a ninka uku a ɗora a hannunta. Masu jere dan Allah kar a ja shi a miƙe tsaf kamar ana shimfiɗa leda, a bar shi ya ɗan kwanta yadda ya so, gezar ta zubo.

Yana da ɗumi kuwa? Ko ado ne kawai?

Yana da nauyinsa, saƙar mai kauri ce. Sanyin asuba na Disamba da Janairu in kina zaune a falo kina lazimi ko kina shan shayi kafin yara su tashi, ki yafa shi, ya wadatar. Amma daren da hunturu ya sauko da gaske, irin wanda ruwan randa ke zama kamar ƙanƙara, shi kaɗai ba zai riƙe ki ba, sai ki ɗora shi a kan babban bargo. Inda ya fi bargon roba shi ne auduga tana shan iska, ba ya sa gumi, ba ya kuma yin tartsatsin nan da bargon roba ke yi in iska ta bushe. A watan Afrilu kuwa da zafin Kano ke haura digiri 40 babu mai neman lulluɓa, sai ya koma aikinsa na ado, yana kuma kare kujerar leda daga maƙale wa jiki.

Ya ake wanke shi?

A nan ake kashe bargo, to a karanta da kyau. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan mara ƙarfi, shi kaɗai ba tare da wasu kaya ba musamman wankin farko, don zai ɗan saki gashin auduga, zai kuma ɗan tsuke kaɗan, duk auduga haka take. Kar a sa bilic, kar a sa bula, kar a jiƙa shi ya kwana. Kar a sa masa buroshi, kar a buga shi a kan dutse ko siminti. A matsa shi a hankali a cikin baho, a ɗauraye sosai, a matse ba tare da murɗawa ba. In injin wanki ne a sa a mafi sanyin juyi, kuma kar a haɗa shi da kaya masu zif ko maɗauri, su ne ke kamo zare.

Shanya a inuwa. Ranar Kano ba ta barin launi, ko atamfa mai tsada kin san yadda take yi da ita. In ya jiƙe yana nauyi sosai, to a ɗora shi a kan igiya biyu don kar tsakiyar ta saki. In za ki ba mai wanki da guga ki yi masa bayani baki da baki, na taɓa ba da nawa ban ce komai ba ya dawo min da shi gezar ta cukurkuɗe ga tabon dutsen gawayi a gefe, kuma laifina ne da ban faɗa ba. Ba ya ma buƙatar guga.

Kuma ba kullum ake wanke shi ba. Lokacin ƙura ki fita da shi tsakar gida ki kakkaɓe duk bayan kwana biyu, ya isa. In shayi ko miya ta zuba ki danna wajen da tsumma mai ruwa nan take, kar ki goga.

Zare ya zaro a jiki, in yanke?

Kar ki yanke, kar ki ja. In kika yanke kin buɗe ƙofar warwarewa. Ki samu allura mai kauri ki tura zaren ya koma ta baya, sai ki ɗan ja bargon ta gefe-gefe da hannu biyu, zai zauna. Zobe da awarwaro da farcen kyanwa su suka fi jawo wannan.

Turaren wuta fa?

Ki turara abinki, auduga tana riƙe ƙamshi sosai, kwana da kwanaki. Amma kar ki kifa shi kai tsaye a kan kasko, a sa kabbasa a tsakani, kuma ki tsaya a wajen. Geza ba ta da wuyar kama wuta.

Ta yaya zan gane na gaske da jabu?

Akwai masu buga hoto a kan farin yadi su ɗinka masa geza su ce saƙa ce. Ni kaina an taɓa yi min, farkon shigata harkar na yi oda daga wani waje a hoto ya yi kyau, da ya iso na juya baya sai na ga fari fat. Kuɗina suka tafi, ban kuma sayar wa kowa shi a matsayin saƙa ba.

To ki juya baya tukuna, in fari ne ko zanen ya yi dishi-dishi bugawa aka yi. Ki duba geza, ta gaske launuka ne a cakuɗe kuma daga jikin bargon ta fito, babu layin ɗinki. In kina son sanin auduga ce ko roba, ki ciri silin zare ɗaya daga geza ki sa masa ashana a waje: auduga tana ci kamar takarda, warinta na takarda, ta bar toka mai laushi. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ulu kuma warin ƙonannen gashi yake. Tsofaffin 'yan Kwari duk sun san wannan gwajin.

Gaskiya Anti ya yi tsada.

Na sani, kuma ba na jin haushin mai faɗa. Da dala ake biyan masaƙa, da dala ake biyan jirgi, ga kwastan, ga kason mai zane, kuma ba dubbai ake saƙawa ba balle farashi ya sauko, kaɗan-kaɗan ne. Shi ya sa ba na rubuta farashi a nan, yana bin canji. Abin da zan ce kawai, in kuɗin jere ya yi kaɗan kar a ci bashi saboda bargon ado, katifa da tukwane su ne gaba. Ƙawayen amarya sukan haɗa kuɗi su saya mata guda ɗaya a matsayin gudummawa, wannan tsarin yana burge ni.

Zan iya lulluɓa wa jariri?

A'a Maman Baby, kar ki rufe jariri da shi yana barci. Yana da nauyi, zai iya rufe masa hanci, ga geza da ke naɗe yatsa ko ta shiga baki. Shimfiɗawa a ƙasa ya yi wasa kina kallonsa, ko ɗaukar hoton suna, wannan ba komai.

Ana rataye shi a bango?

Sosai ma. Sandar labule da 'yan maƙalai ta isa, a jera su kusa da kusa don nauyin ya rabu, kar a buga masa ƙusa a jiki. A guji bangon da rana ke duka ta taga, da bangon da ke tsotsar ruwa da damina, in ba haka ba zai yi fumfuna ta baya ba ki sani ba.

Ina so a saƙa min sunana da na angona da ranar biki, zai yiwu?

Zai yiwu, amma rubutun ya zama manya. Ƙananan haruffa ba sa fitowa a saƙa, silin zare yana da kaurinsa, ba kamar biro ba. Haka ma zane mai siraran layuka, dole mai zane ya sake shi ya ƙara masa kauri. Sannan a yi oda da wuri, aikin makonni ne kafin ya je ya dawo, kar a zo min saura kwana goma kamu. Ki duba rubutun sau biyu kafin mu tura, in an saƙa an saƙa, ba a gogewa.

Hajiya ina da tsohon luru na mahaifiyata, in ajiye shi in sayi wannan?

Yaya dan girman Allah kar ki ajiye shi, wannan saƙon ya taɓa min zuciya. Abin da ke hannunki ya fi duk abin da nake sayarwa. Luru da gwado da saƙi hannu ne ya yi su tun daga gurzar auduga da shiɓa da kaɗi da mazari, wata ta zauna ta kaɗa abawar nan sili-sili, masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya aka haɗa aka ɗinke. In kika duba da kyau za ki ga inda zaren ya yi kauri da inda ya sirance, wannan sawun yatsun mutum ne, inji ba ya yin haka. Masu yin irinsa raguwa suke kullum, in kin shiga Kurmi za ki samu amma sai kin nema.

Ki fito da shi daga ƙasan akwati ki kakkaɓe, ki shanya a inuwa ya sha iska, in akwai inda ɗinkin ya saki ki ba mai ɗinkin hannu ya kama. Ki ɗora shi a kan kujera ko ƙarshen gado yadda na faɗa a sama. In za ki mayar ajiya bayan sanyi kar ki sa a leda, ki naɗe shi a tsohon zanen gado na auduga da ɗan kafur a gefe, nesa da ƙasa saboda gara. Na kakata wata gwaggonmu ta bayar da shi tun muna yara, har yau in na tuna sai na ji babu daɗi. In kin samu dama ki turo min hoton naki in gani.